Ta Huɗun da Na Koya wa Gwajin Jini

Na daɗe ina aikin gwajin jini a wani ƙaramin asibiti da ke kan hanyar Babban Mutum. Ɗakin gwajin namu guda ɗaya ne, taga ɗaya, sai wani benci a bakin ƙofa inda masu jira ke zama. Lokacin da wata ƙungiya daga ƙasar waje ta haɗa hannu da gwamnati don a riƙa gwajin ƙanjamau da ba da magani a nan kusa, ba sai mutum ya je Katsina ba, ni aka tura horo, don ni kaɗai ne a ɗakin.

Sun yi mana abin kirki, ba zan ɓoye ba. Sun kawo firji mai aiki da sola, sun kawo na'urar da ke raba jini da ruwansa, sun koya mini yadda zan jera kwalabe a akwatin sanyi, mai babur ya kai birni a auna yawan ƙwayar cutar. Wadda ta koyar da mu wata likita ce baƙar fata daga kudancin Afirka, ba ta jin Hausa sai "sannu". Ranar da aka rufe horon ta ce mana su ba zama suka zo yi ba, kowa ya koma ya koya wa wani.

Na ɗauki maganar da gaske. Na farkon da aka turo mini ya yi shekara guda, hannunsa na faɗawa ya samu canjin wurin aiki zuwa Katsina. Na biyu ya tafi Saudiyya. Na uku ya ce ƙaro karatu zai je, har yau bai dawo ba. Ban ga laifin kowa ba, kowa da iyalinsa. Amma duk wanda ya tafi sai in koma farko da wani: ga yadda ake riƙe allura, ga yadda ake rubuta lamba a jikin kwalba maimakon suna, ga abin da ba a faɗa idan ƙofa na buɗe.

Ta huɗu mace ce, 'yar Sandamu, matar aure mai 'ya'ya biyu, mijinta malamin makaranta ne a can. Da na ji haka sai hankalina ya kwanta, na ce wannan kam ba inda za ta. Baba take ce mini, ni kuma in ce ɗiyata. Hannunta ba nauyi. Matan Fulani da ke zuwa daga rugage, waɗanda ba sa yarda in taɓa musu hannu sai an yi ta lallashi, ita suke nema tun daga ƙofa. Kafin shekara biyu ta iya duk abin da na iya, har da gyaran firjin idan ya yi gardama. A lokacin ne na fara tafiya suna da jana'iza ba tare da na rufe ɗakin ba.

Sai takarda ta zo daga ƙungiyar, suna neman mutum ɗaya daga wurinmu ya je horon wata uku a ƙasar waje. Shugaban asibiti ya ce ni zan zaɓa, ko in sa kaina. Na duba shekaruna, na duba nata, na rubuta sunanta. Da na faɗa wa maiɗakina, tana tankaɗe ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ka sake ke nan," in ji ta.

"Wannan daban ce. Mijinta na nan, 'ya'yanta na nan."

"To, Allah ya sa."

Ta je ta dawo da takardar shaida da sababbin dabaru, ni ma na ƙaru da ita. Bayan wata bakwai, wata Alhamis da azahar mun sallami mutane, ta tsaya tana goge teburin da ta riga ta goge.

"Baba, akwai magana."

"Katsina ko Abuja?" na tambaye ta.

Ta ce, "Abuja. Su mutanen ƙungiyar ne suka kira ni. Wallahi ban nema ba."

"Malam fa?"

"Ya ce in je, zai nemi canji daga baya."

Na ce Allah ya sanya alheri, kuma har zuciyata na faɗa. Sai dai da ta fita na zauna a kan bencin masu jira, na daɗe ban tashi ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, waɗanda suka ce in koya wa wani don aikin ya zauna a nan, su ne suka zo suka ɗauke ta.

Ba a turo kowa a madadinta ba. Na koma ni kaɗai, ga idona ya fara rauni, sai na kusanto da kwalba sosai kafin in karanta lamba.

Bayan shekara ɗaya da wani abu, farar motar ƙungiyar ta tsaya a harabar asibiti, an zo duba aiki. Ita ce ta fito, da kati rataye a wuya da takardar tambayoyi a hannu. Ta durƙusa ta gaishe ni a gaban direba da abokin aikinta. Sannan ta shiga tambaya, tana karantowa daga takardar, ba ta iya kallona.

"Ana rubuta sanyin firji safe da yamma?"

"Ɗiyata, ke kika manna takardar a jikinsa. Ga ta can."

Ta yi dariya, ta share ido da bakin mayafi, ta ci gaba. Da ta zo kan tambayar ma'aikata nawa ne suka samu horo a ɗakin, ta tsaya da biro a sama.

"Rubuta ɗaya," na ce.

Kafin su tafi ta ja ni gefe. Ta ce an shirya bita ta kwana biyar a Katsina don sababbin ma'aikata, kuma ta sa sunana cikin masu koyarwa, don ba ta san wanda ya fi ni ba. Na gane so take ta saka mini da abin da ke hannunta. Na ce wa zai riƙe ɗakin? Ta ce kwana biyar ne kawai, Baba. Ban iya ce mata a'a ba.

Na je. Babban zaure ne a otal, sanyin na'ura har yana sa mini ciwon gwiwa. Matasa ne masu ƙoƙari, suna rubuta duk abin da na faɗa. Rana ta ƙarshe na tambaye su ko akwai mai son aiki wajen Baure, kusa da iyaka. Suka yi dariya, sun ɗauka wasa nake. Aka ɗauki hoto, aka ba ni takardar yabo.

Ranar Litinin na iso asibiti da sassafe, na tarar da wata mata zaune a kan benci da goyo. Na santa, daga wani ƙauye take a tsallaken iyaka, tana karɓar magani a wurinmu, kuma lokacin auna jininta ya yi. Mai gadi ya ce zuwanta na uku ke nan, ranar Talata da ranar Alhamis duk ta zo ta tarar da kwaɗo a ƙofa.

"Malam, na ce ko kai ma ka tashi ne," ta ce.

"Ban tashi ba. Koyarwa na je."

"Maigidana ya fara tambaya, wai wace unguwa ce wannan da ba ta ƙarewa."

Na ba ta haƙuri, na buɗe ɗakin, na wanke hannu. Jijiyarta siririya ce, sai da na soka sau biyu kafin jini ya zo. Ta gyara goyonta, ta tambaye ni yaushe za ta dawo jin sakamako. Na ce bayan sati uku, ranar kasuwa, don ta samu abin faɗa a gida.