Amin Daga Tsallaken Titi

Jama'a, yau lasifikata ta yi waƙar coci a walimar auren ƙanwata!

Wani dogon bene muka kama a Sabon Gari, maza a ƙasa, mata a sama. Ni na ɗauki nauyin sauti. Na jera lasifikoki marasa waya har sama, na gwada, komai lafiya lau.

Malam ya fara addu'a ke nan, sai na sama suka ɗauke. Can sai ga ganga da waƙar coci! Goggo Asabe ta leƙo ta taga: "Sani, kunyata mu za ka yi gaban dangin ango?" Na ruga wajen na'urar sauti ina dubawa.

Sai ga wata mata a guje, Madam Ngozi, mai kula da sautin cocin tsallaken titi. Ta ce, "Ɗan'uwa, malaminku na magana a cocinmu!" Ashe na'urarmu iri ɗaya ce, kuma dukanmu mun bar ta a tashar da ta zo da ita daga shago.

Nan take na sauya tashar. Amma sautin sama na ta yankewa saboda kaurin bango. Matar nan ta koma ta ɗauko doguwar waya, muka ja ta, muka bi da ita ta matakala har sama. Sauti ya zauna daram!

Na ce, "Madam, Allah ya saka da alheri. Ku yi haƙuri, mun katse muku ibada."

Ta yi dariya. "Haba! Da malaminku ya ce Allah ya ba su zaman lafiya, duk cocin muka ce amin!"