Ranar da Ƙaho Ya Ƙi Kama Bayan Fatsuma

A Sisawa aka haifi Fatsuma, a gidan manoman gero da dawa, inda ba a ganin shinkafa sai a tuwon salla. Aure ne ya kawo ta Wurno, bakin fadama, kuma uwar mijinta ce ta koya mata turara shinkafa. Manoma kan kawo mata shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, daga gonakin da ke shan ruwan Rima. Ta wanke, ta jiƙa ta kwana, da safe ta tsame ta zuba a rabin duro a kan murhu, ta rufe da buhu. Idan ɓawon ya fara tsagewa sai ta sauke, ta baza a kan tabarmi, ta bi da ƙafa tana jujjuyawa har ta bushe a kai injin casa. Ba ta ɗaga buhu don ta duba. Ƙamshin tururin ne ke gaya mata lokaci ya yi.

A haka ta tsufa. Hayaƙi ya rina mata fararen idanu, tafin ƙafarta ya daina jin zafin shinkafa. Mijinta ya rasu, 'ya'ya mata suka watse gidajen aure a Rabah da Maikujera, ɗanta Zayyanu ya kama noman albasa a wajen Goronyo, ba ya dawowa sai ranar kasuwa. Gidan ya rage daga ita sai matarsa Bilkisu da yara.

Abin da aka san ta da shi a unguwa, bayan shinkafa, shi ne dauriya. Uwarta ta raine ta a kan cewa mace ba ta ambatar ciwo. Duk haihuwar da ta yi, maƙwabta ba su sani ba sai da suka ji kukan jariri. Lokacin da turamen haƙoranta na hagu suka ruɓe, zaune ta yi aka cire su ɗaya bayan ɗaya, ta kurkure baki da ruwan gishiri ta koma bakin murhu. Duk wanda ya tambaye ta jiki, amsa ɗaya gare ta, irin wadda kowa ke bayarwa a ƙasar nan: da sauƙi. Bambancin kawai shi ne sauran mutane kan ƙara wani abu a bayanta. Ita daga nan take tsayawa.

Mutum ɗaya ce ba ta ɗaukar wannan amsa, wato Mahbuba, ɗiyar kawunta. Tobasai ne, don haka tun suna yara ba su taɓa yi wa juna magana mai daɗi ba. Mahbuba ta auri wanzami, da ya rasu ta gaji zabirarsa, ita ke yi wa matan unguwa ƙaho a cikin gida. Takan kira Fatsuma baiwar shinkafa, Fatsuma ta kira ta mai shan jinin mutane. Da wuya rana ta fito ta faɗi ba su haɗu ba.

A kakar da ake magana a kanta, gajiya ce ta fara zuwa. Ba irin gajiyar da barci ke wankewa ba. Fatsuma takan tashi da safe kamar ta kwana tana daka. Ɗan hawan da ke tsakanin rijiya da gida, wanda ta saba hawa da tulu a kai, sai ta ga tana tsayawa a tsakiyarsa tana neman numfashi. Ta ce aikin kaka ne, shinkafa ta yi yawa bana. Bilkisu ta lura, ta tambaya, aka ba ta amsar da ta saba ji.

Ranar da abin ya faru da hantsi, shinkafar wani maƙwabci ce a kan wuta, wadda za a dafa a walimar saukar karatun ɗansa. Rabi na cikin duro, rabi na jiƙe yana jiran layi. Fatsuma ta sunkuya ta gyara itace, da ta miƙe sai ta ji wani ƙuna a ƙasan ƙirji, da tashin zuciya. Ta ce ƙwannafi ne, ta jiƙa kanwa ta sha. Bai kwanta ba. Sai wani nauyi ya zauna mata a tsakanin kafaɗu, kamar an ɗora mata dutsen niƙa, muƙamuƙinta na hagu kuma ya ɗauki ciwo. Ta tura kanumfari a kumatu. Ciwon baya kuwa ta san maganinsa, mataccen jini ne ya taru. Ta sa Bilkisu ta kira Mahbuba ta zo da ƙaho.

Mahbuba ta shigo tana mita, wai an tashe ta daga kan fura don a yi wa jaka ƙaho. Fatsuma ta zauna a kan turmi ta sassauta zane, ta juya mata baya. Mahbuba ta kafa ƙahon farko ta zuƙe iska ta toshe bakin. Kafin ta ɗauko na biyu, na farko ya zame ya faɗi. Ta goge bayan da gefen zanenta ta sake kafawa. Ya sake zamewa. Zufa ce ke tsatstsafowa, ana gogewa tana dawowa. Mahbuba ta shimfiɗa tafinta a kan bayan, ta ji shi sanyi ƙalau, alhali ga wuta nan tana ci kusa da su.

Ta zagayo ta gaba. Fuskar Fatsuma ta yi fari-fari kamar an shafa toka, leɓɓanta sun bushe, tana jan numfashi gajere gajere.

"Mi ag ga bakinki?"

"Kanumfari na. Haƙori ka ciwo."

"Wane haƙori? Gehen nan ko guda babu. Ni na riƙe miki kai ranar da anka cire su."

Fatsuma ta kau da kai. Ta ce dai a yi abin da aka zo yi, shinkafa na jiran ta.

Mahbuba ta yi shekara da shekaru tana taɓa bayan mata, ba ta taɓa gamuwa da irin wannan ba, kuma ba ta san sunansa ba. Tana da ɗiya, Mashkura, nas ce a Rabah. Ta karɓi wayar Bilkisu ta kira ta, ta ce tambaya ɗaya za ta yi: mi ke sa zufar mutum ta yi sanyi a bakin murhu? Sai Mashkura ta shiga jero nata tambayoyin. Mahbuba na maimaita wa Fatsuma, Fatsuma na cewa da sauƙi. Daga baya Mahbuba ta daina tambayarta, ta riƙa faɗin abin da idonta ya gani: bayan, muƙamuƙin, numfashin, kwanon kanwar da ke gefe. Bilkisu ta ƙara da gajiyar da aka yi makonni ana yi.

"Inna, aje ƙahon nan," in ji Mashkura. "Wanga ba ciwon baya ba na. Ciwon zuciya na."

Mahbuba ta ce ai Fatsuma ba ta dafe ƙirji ba, ba ta faɗi ba, zaune take tana zagin mutane. Mashkura ta ce haka yake zuwa wa mata da yawa. Wata za ta ji ƙirji ya matse, wata kuwa ba za ta ji komai a nan ba sai ƙuna kamar na olsa, ko ciwo a baya, a wuya, a muƙamuƙi, a hannu, da amai, da jiri, da zufa mai sanyi, da numfashi da ba ya isa. Ta ce jijiyar da ke kai wa zuciya jini ce ke toshewa, kuma muddin tana toshe naman zuciyar mutuwa yake yi kaɗan kaɗan, wanda ya mutu ba ya dawowa. A nemo mota yanzu. Kada a jira la'asar, kada a jira Zayyanu, kada a bari ta taka da ƙafarta.

Bilkisu ta fita da gudu gidan Lauwali mai motar kasuwa. Fatsuma ta gyara zanenta ta ce babu inda za ta. Ba ta taɓa lalata wa wani shinkafa ba, ba za ta fara da ta saukar karatu ba. Wadda ke kan wuta za ta ƙone, wadda ke jiƙe za ta yi tsami. Wannan shi ne dalilin da ta faɗa da ƙarfi. Na biyun a hankali ta faɗe shi, tana kallon ƙasa.

"In na tahi mi za ni ce ma likita? Babu jini, babu kumburi, babu masassara. In ce mishi na gaji? Dariya za a yi min."

Mahbuba ta tattara ƙahonninta tana zubawa a zabira, ba ta ko kalle ta ba. Ta ce ita dai ba ta da ƙarfin wankan gawa yau, furarta ma ba ta ƙarasa sha ba, kuma kowa ya san nauyin Fatsuma. Fatsuma ta ce ai ba ita za ta roƙa ba. Sai Mahbuba ta rataya zabira ta nufi ƙofa, ta ce shi ke nan, za ta bi gida gida ta gaya wa mata abin da ta gano yau: ashe duk dauriyar nan ta baki ce, baiwar shinkafa tsoron allura take yi.

Fatsuma ta ɗago kai. Ta daɗe tana kallon ta, tana numfashi da ƙyar.

"Ɗauko min mayahi," ta ce.

Ta so ta taka zuwa mota. Ba a bar ta ba. A kan tabarmar shanya aka ɗauke ta, Lauwali da wani maƙwabci da matan biyu, ta ja mayafi ta rufe fuskarta har suka fita daga lungu.

A asibitin garin, ma'aikacin da ya tarbe su ya durƙusa ya ce, Inna, ya jiki? Ta ce da sauƙi. Mahbuba ta ce masa kada ya saurare ta, ko a kabari aka tambaye ta abin da za ta faɗa ke nan. Ta jera masa komai kamar yadda ta jera wa ɗiyarta. Aka ba Fatsuma ƙwaya ta tauna, aka sa mata abin shaƙar iska, aka ce a wuce da ita Sakkwato ba tare da tsayawa ba. A can aka manna mata wayoyi a ƙirji, na'ura ta zana bugun zuciyarta a takarda, likita ya duba ya tabbatar da abin da Mashkura ta faɗa. Zayyanu ya iso daga Goronyo da lakar gona a ƙafarsa, ya tarar an riga an shiga da ita.

Ta rayu. Likitan ya gaya wa Zayyanu cewa wani yanki na zuciyar ya riga ya samu rauni. Ya ce da an kai yamma, da wuya a same ta, kuma da an zo tun lokacin da gajiyar ta fara, da raunin bai kai haka ba.

Shinkafar ta lalace kamar yadda ta faɗa. Ta cikin duro ta kama a gindi ta yi baƙi, ta jiƙe ta yi tsami, kaji suka cinye. Mai ita ya zo dubiya, bai ko ambace ta ba, an yi walima da wata. Fatsuma ce ba ta manta ba. Har yanzu idan maganar ranar ta taso, daga shinkafar take farawa.

Ba ta ɗaga duro yanzu. Bilkisu ke ɗorawa da saukewa. Ita tana zaune a kan kujera 'yar tsugune, nesa kaɗan da hayaƙi, magungunanta ƙulle a bakin zane. Idan tururi ya biyo iska ya iso gare ta, takan ɗaga hanci ta ce a sauke, kuma ba a taɓa buɗe buhu aka tarar ta yi kuskure ba. Mahbuba na zuwa kullum ta nuna mata ƙahon da ya faɗi sau biyu ya tsage a baki, ta ce bayan wasu mutane ko ƙahon bijimi ba ya jure shi.

Ita ke raka ta Sakkwato duk lokacin da za a duba ta. A zuwansu na baya, likita ya tambayi Fatsuma jiki, ta ce da sauƙi. Mahbuba ta buɗe baki za ta karɓe maganar, sai Fatsuma ta dafa mata gwiwa. Ta dubi likitan, kamar mai neman kalma a harshen da ba nata ba. Sannan ta ce idan ta hau tudun rijiya numfashinta na yankewa, kuma ƙafafunta na kumbura da yamma. Likita ya canza mata ƙwaya ɗaya. A hanyar dawowa Mahbuba ba ta tsokane ta ko sau ɗaya ba, har suka hango fadamar Wurno.