Yadda Na Kasa Tsuguna Wa Surukina

Shekara goma sha ɗaya ina sayar da albasa a bakin kasuwar Ogbete, kuma kullum kafin in buɗe rumfa sai na bi ta ƙofar gidan surukina a unguwar Coal Camp, in tuɓe takalmi, in tsuguna har ƙasa in gaishe shi. Dattijo ne ɗan goro, tun kakansa suke Inugu. Yana zama kan kujerar roba, abokansa uku na gefe kan benci. Lokacin da na nemi 'yarsa, danginsa cewa suka yi a ba ɗan gari, ba baƙon da ya zo a bayan tirela ba. Shi kuwa ya ce yaron nan ya iya gaisuwa, shi za a ba. Wato da tsugunno na samu mata, babu ƙari babu ragi.

Sai wata Talata na sunkuya zan ɗaga buhu, na ji wani abu kamar wutar lantarki ya taso daga ƙugu, ya ratsa ɗuwawuna na dama, ya bi bayan cinya har ƙaramin yatsan ƙafa. Na ce gajiya ce. Washegari na lallaɓa na je gaisuwa, na cije na tsuguna. Muka yi ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya ruwa. Gaisuwa ta ƙare, na yunƙura zan tashi, ƙafa ta ce ba da ita ba.

To, me zan yi? Sai na sake ɗauko gaisuwar daga farko. Na tambayi lafiyar awakinsa ɗaya bayan ɗaya. Na tambayi goro, na tambayi rediyonsa ko tana kama tasha. Ya ce, "Tashi mana ka tafi kasuwa." Na ce, "A'a Baba, nan ma ya yi." Dattawan benci suka shiga gyaɗa kai, ɗayansu har yana cewa yaran yanzu su zo su ga ladabi. Ladabin me! Gumi ne ke bin bayana, ina ta salati a zuci. Ina nan tsugune har suka tashi tafiya wani suna, sannan na yafito wani mai okada, wato ɗan acaɓa, ya ciccibe ni.

Daga ranar na canja hanya, na riƙa zagayawa ta bayan garejin kanikawa. Za ka ce me ya hana ni faɗa masa ba ni da lafiya. Ba ka san surukina ba ne. Mutumin nan in ka ce masa kanka na ciwo, tambaya ɗaya yake yi: ina ne wurin? Sai ya ɗora hannunsa daidai wurin, ya yi addu'a ya tofa. Yana yi wa kowa, har maƙwabtansa Inyamurai. Yanzu don Allah, ni da girmana, in juya wa uban matata baya a bainar jama'a in ce Baba ga wurin? Gara in mutu. Na kuma gargaɗi matata kada ta kuskura ta faɗa.

Duk wanda ya tambaye ni, sai in ce ƙafa ce. Wanzami ya kafa mini ƙaho a sharaɓa. Maɗori ya shafa gwiwata, ya rasa karaya, amma don kada ya koma hannu rabbana ya ɗaure ta da karare. Wata mai sayar da barkono kusa da rumfata ta ba ni wani man zafi, na shafa na wuni ina fifita. Ƙafar ta sha gata iya gata, inda ciwon yake kuwa ko kallonsa ba a yi ba.

Sati uku ban je gaisuwa ba. Rannan matata ta dawo daga gidansu ido jajur. Ta ce Baba yana tambaya ko wani laifi ya yi mini. Baffanta kuma, wanda dama shi ya fi kowa ƙin aurenmu, ya ce ƙauyanci ya sake ni, yanzu na ga gari, don haka ta tattara ta dawo gida har in tuna hanya. Wallahi hankalina ya tashi. Ciwon ƙafa daban, a raba ni da matata daban.

Ita ce ta samo labarin wani likita mai gyaran ƙashin baya da hannu, domin haihuwar nan ce, tana jin Ibo kamar ruwa. Muka tari keke mai ƙafa uku. Zama ya gagare ni, sai na durƙusa kan kujera ina fuskantar baya, na ratsa gari guda ina kallon motocin da ke biye da mu ido cikin ido.

Likitan ya tambayi inda ke ciwo, na nuna sharaɓa. Ya dubi tabon ƙaho da shatin karare, ya tambayi matata wa ke faɗa da ƙafar nan. Ya sa na yi tafiya kan dunduniya, sannan kan yatsu. Ya ƙwanƙwasa gwiwata da 'yar gudumar roba. Ya kwantar da ni rigingine ya ɗaga ƙafar a miƙe, ko rabi ba ta kai ba na kurma ihu. Sai ya tambaya, matata na fassara, ko fitsari ko bayan gida na kufce mini. Na ce subhanallahi, wace irin magana ce wannan? Ya ce in da haka ne, babban asibiti zai tura ni nan take. Na ce babu. Daga nan ya kifar da ni, ya danna babban yatsansa daidai wurin da na yi sati uku ina ɓoyo. Salatin da na saka sai da masu jira a waje suka leƙo. Matata kuwa ta tura mayafi a baki, kafaɗunta na rawa.

Ya ce jijiya ce doguwa da ta fito daga ƙasan ƙashin baya ta sauka har tafin ƙafa, a can sama aka matse ta, ƙafar ba ruwanta. Ya kwantar da ni ta gefe, ya lanƙwasa ni, na ji ƙarass! Na ɗauka ya karya ni, sai na ji wurin ya ɗan saki. Ya ce ba a rana ɗaya za a warke ba, in riƙa dawowa, in riƙa motsa jiki yadda ya koya mini. Ba ɗaukar buhu, ba tsugunno, har sati shida.

Na ce a roƙe shi ya bar mini tsugunno ɗaya tak kowace safiya. Matata ta yi masa bayanin suruki. Ya ɗaga kafaɗa ya ce in gaishe shi a tsaye. A tsaye! Dattijo na zaune ni ina kansa ƙerere kamar ɗan sanda, ga baffa na kallo?

Ashe matata ta tsegunta wa mahaifiyarta, ita kuma ta kai wa Baba. Da safe matata ta ce in je kawai. Na tafi da niyyar in tsuguna, ko da a kwashe ni ne. Dattawa na benci, baffa ma na nan ya harɗe ƙafa. Ina tuɓe takalmi sai na ga surukina ya dafa sandarsa, ya yunƙura sau biyu, a na uku ya miƙe. Ya dubi mutanen benci ya ce, "Zaman nan ya ishe ni, gwiwa ta sage." Ganin babba a tsaye, dole su ma suka mimmiƙe suna nishi, har baffa. Ya miƙo mini hannu muka gaisa, bai tambaye ni ina ne wurin ba.

Haka ya yi kowace safiya har sati shidan suka cika. Mutumin ya haura saba'in, ina ganin ƙafafunsa na rawa a cikin wando, amma ba ya zama sai na sha kwana. Ranar farko dai ban kai kasuwa ba sai da na raɓe jikin wata katanga na yi kuka.