Tsintsiyar Anti Batulu a Shekarar Akuya

Duk ɗan arewa da ya zauna a unguwar Whalley Range ta birnin Manchester ya san Anti Batulu. Ni Zinatu, flat ɗina ne ƙasan nata, don haka ni ce shaida: kafin gari ya gama wayewa matar nan ta share ɗaki, ta share matakala, ta leƙo ƙofata ta yi tsaki. Tsintsiyar kwakwa ce da ita, daga Funtuwa ake aiko mata. Wai injin shara lallashin datti kawai yake yi.

Mijinta Malam Maharazu ta biyo, lokacin da ya zo karatu a jami'a a Edgbaston. Kuɗin scholarship ya yi ta makara, ita kuwa ba ta iya zaman jira ba, sai ta shiga aikin carer, tana bin tsofaffi gida-gida tana yi musu wanka da girki. Da ya samu aiki a Manchester suka dawo nan, ta ci gaba da abinta. Lokacin gwamnati ta tsuke bakin aljihu, yau a rufe wannan, gobe a rage wancan.

Cikin tsofaffinta akwai Mrs Leung, 'yar Hong Kong, wadda ta ƙare ƙuruciyarta tana suya a shagon abinci tare da mijinta. Ya rasu, ɗanta tilo yana Kanada. Anti Batulu Iya take kiranta. Abu ɗaya Iya take tsoro a duniya: a fitar da ita daga flat ɗin da mijinta ya rasu a ciki, a kai ta care home, gidan kula da tsofaffi.

Sabuwar shekararsu ta Sinawa da wata take tafiya, kamar tamu, kuma kowace shekara da dabbarta. Ana maƙala jar takarda a ƙofa, a jera lemo, a dafa taliya doguwa ba a karya ta don tsawon rai, a dafa kifi sukutum a bar saura don kada shekara ta ƙare hannu wayam. Ranar farko kuma ba a shara, ba a fitar da bola, wai arzikin gidan ne za a zubar waje. To, wa ya gaya wa Anti Batulu? Ranar farko ta Shekarar Doki, Anti ta shiga gidan Iya da sallamarta, ta share gidan tas, ta kai bola waje tana jiran yabo. Iya ta kwana biyu ba ta ce mata uffan ba. A shekarar kuma aka rufe zauren da tsofaffin Sinawa suke haɗuwa, sannan Iya ta zame a kicin ta bugu a ƙugu.

"Kin ji fa, Zinatu," in ji Anti Batulu, "wai tsintsiyata ce ta rufe zaure! Arziki na Allah ne, ina ruwansa da ɓawon gyaɗa?"

Duk da haka sun shirya. Iya har tukunya sabuwa ta saya, wadda naman alade bai taɓa ba, don Anti ta ci kifi hankali kwance. Ta lissafa mata shekarar haihuwa ta ce Anti Akuya ce. Anti ta ce, "Ni? Allah ya kiyaye!" Na yi dariya har da hawaye, domin taurin kan ya yi daidai.

Bayan faɗuwar nan council, wato ƙaramar hukuma, ta turo wata mata, Catherine, ta duba ko Iya za ta iya ci gaba da zama ita kaɗai. Ta faɗa ƙarara: in ta dawo ta tarar da abin da zai kayar da tsohuwa a ƙasa, sai care home. Ranar da aka sa mata ta dawowa kuwa ta faɗo daidai ranar farko ta Shekarar Akuya.

Anti Batulu ta isa da safe ta tarar ƙawayen Iya sun zo jajibiri sun yi shagali. Ɓawon lemo, ɓawon gyaɗa, ƙwanson 'ya'yan kankana, ko'ina. Ta miƙa hannu ga tsintsiya, Iya ta riga ta, ta rungume tsintsiyar a ƙirji.

"Iya, matar nan tana hanya. In ta ga wannan, sun ɗauke ki."

"Bara kin share, kin ga abin da ya biyo baya," in ji Iya. "In kin share yau, gidan ma zai tafi." Idonta ya kawo ruwa.

Anti ta ce mini ranar tausayi ya kama ta, haushi ma ya kama ta. Ta lallaɓa Iya ta kai ta banɗaki wanka. Ta dawo ta shimfiɗa gyalenta, ta faro daga bakin ƙofa tana sharowa ciki, ta tattara komai a kan gyalen, ta ƙulle ta tura ƙarƙashin gado.

Iya ta fito ta ga ƙasa fes. Ta zauna kamar an zare mata laka. Catherine ta zo ta duba kicin, ta duba banɗaki, ta ci lemo ɗaya, ta ce babu laifi, Iya ta ci gaba da zamanta.

Ƙofa na rufuwa Anti ta jawo ƙullin, ta kwance shi a tsakiyar falo, ta zazzage a gaban Iya.

"Ga arzikinki nan, Iya. Ko ɓawo ɗaya bai fita ba."

Iya ta kalli tarin, ta kalle ta, ta fashe da kuka, sannan ta ce a ɗumama kifi. Sharar ta zauna a lungu sai da ranar hani ta wuce, suka fitar da ita tare.

Iya ta ƙara 'yan shekaru a flat ɗinta, kuma a kan gadonta ta rasu. Da sabuwar shekararsu ta zagayo, na farka ban ji tsintsiya a samana ba. Gabana ya faɗi, na hau da gudu ko ba ta da lafiya. Na same ta zaune tana ɓare lemo, ɓawon a ƙasa.

"Anti, ba dai kin koma camfi ba?"

Ta harare ni. "Ke, rufa mini baki. Ban yarda da shi ba, har gobe." Ta miƙo mini rabin lemon. "Kewarta kawai nake yi."