Jemagen da Na Ɗinka wa Goggo

Goggona, yayar mahaifina, ta daɗe tana sayar da atamfa a kasuwar Treichville kafin hawan jinin ido ya rufe mata gani. Tun tana gani ba mace ce mai saurin yarda ba. In ka kai mata aceke, dambun rogon nan, sai ta sansana kafin ta ce maka sannu. Da idon ya tafi sai zargin ya koma yatsunta, duk abin da aka miƙa mata sai ta shafa shi ciki da waje.

A lokacin ina zaune a unguwar 220 Logements, ina da ɗan shagon gyaran fortabul, wato wayar hannu, a Adjamé Liberté. Wata Juma'a na je gaishe ta, na tarar goshinta a kumbure. Sandarta tana nuna mata rami da kwata, amma ba ruwanta da abin da ke sama. Wani maƙwabci ne ya bar murfin tagarsa a buɗe a lungun da take bi zuwa babban masallaci, ta yi karo da shi. Ita dai ta ce da gangan ya buɗe.

Na koma gida abin yana cina. Sai na tuna da ƴan maɓallan nan da ake dasawa a bayan manyan motoci, masu kuka in direba ya kusa bugun bango. Na samo su a kas, inda ake farfasa tsofaffin motoci. Na ciro ɗan injin da ke sa fortabul rawa daga wayoyin da suka mutu, na haɗa da batir, tela ya ɗinka min su cikin wata ɗamara da za a rataya a ƙirji. Na farko ya ƙone a hannuna. Na biyu yana rawa ko babu komai a gabansa. Na uku ne ya fara jin magana.

Shekarun rikici ne, kowa na kallon kowa a kaikaice. Ranar da zan kai mata, sojoji suka tare woro-woro, tasin haɗaka da nake ciki, a bakin gada, aka ce kowa ya buɗe jakarsa. Wanda ya leƙa tawa ya ga wayoyin lantarki jajaye da baƙaƙe sun fito daga cikin tsumma, ya ja da baya yana tambayar mene ne wannan.

"C'est quoi ça?"

Na yi masa bayani da Faransanci. Ya ce in ɗaura, in matsa can nesa, sannan in kunna. Na yi. Ya daɗe yana duba katina na shaida, yana maimaita sunana a hankali, kafin ya yi min nuni da in wuce. Direban bai jira ni ba.

Na ɗauka wahalar ta ƙare. Na durƙusa na gaida Goggo, na sa mata ɗamarar a cinya, na faɗa mata amfaninta. Ta shiga shafa ta.

"Wa ya aiko ka?"

"Ba kowa, Goggo."

"Ɗan nan, ka faɗa min gaskiya. Ɗana ne ya ce maka sun gaji da raka ni?"

Na rantse mata ko maganar ba mu taɓa yi ba. Ta tambayi da me na haɗa shi. Da na ce da kayan cikin fortabul, sai ta ɗauke hannunta kamar ta taɓa garwashi.

"To shi ke nan. Ina nan Treichville ina magana, kana can Adjamé kana ji."

"Goggo, ba shi da kunne."

"Ba kunne, ba ido, ta yaya ya san bango?"

Na ce yana aika wata ƴar ƙara ce da mutum ba ya ji, in ta bugi abu ta dawo sai ya yi rawa, kamar yadda jemage yake gane hanya.

"Jemage! Duk halittun Allah ka rasa wanda za ka rataya min a ƙirji sai jemage."

Ta sa na farke ɗinkin, na riƙa sa mata kayan ɗaya bayan ɗaya a tafin hannu ina faɗin aikin kowanne. Bayan na mayar, ta kwance kallabinta ta ce a ɗaure min ido, in ratsa tsakar gidan da abin nawa tana sauraro. Gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, matan duk suka fito. Na doshi bango, ɗamarar ta yi rawa, na tsaya cak. Na juya ina murmushi, sai igiyar shanya ta kama ni a wuya. Ta yi siriri, abin bai gan ta ba. Matan suka fashe da dariya. Goggo ba ta yi dariya ba, ta ce kawai, "Uhm."

Duk da haka ta yarda ta fita da shi sau ɗaya. Washegari ta sa aka buga min waya in zo in ɗauki kayana. Ta ce tun daga ƙofa abin yake kaɗa mata ƙirji, mai lemo ya wuce ya kaɗa, mai farantin kifi ta wuce ya kaɗa, har ta zauna a bakin wani shago tana salati, ta zaci zuciyarta ce. Ta kuma ce wata mata ta tambaye ta ko laya ce.

Na koma shago da shi. Na rage maɓallan zuwa ɗaya, na karkata shi ya riƙa kallon sama, daidai tsayin kai, na taƙaita nisan da yake gani. Na mayar da rawar wuyan hannu, cikin wani abu kamar awarwaro, maɓallin kuma ana maƙala shi a kafaɗa. Na sa makunni babba da yatsa zai gane, domin ta ce ba za ta ɗauki abin da ba ta iya kashewa da kanta ba.

Ba ta taɓa ce min yana aiki ba. In na tambaya sai ta ce, "Kai da ka yi shi ba ka sani ba?" A bakin matan gidan na ji cewa tana sa shi in za ta masallaci, kuma ta daina sunkuyar da kai a lungun. Sun ce in baƙi suka zo sai ta cire shi ta jefa a tukunya ta rufe.

Bayan damina ta aika in zo. Na tarar da wata tsohuwa zaune kusa da ita, matar wani malamin allo, ita ma idon ya tafi. Goggo ta ce in yi mata irin nata, ba ta ƙara komai a kai ba. Da na kawo, ba ta bari na miƙa wa matar ba sai da ya bi ta hannunta. Ta ciro nata, ta riƙe ɗaya a dama ɗaya a hagu, tana ɗaga su a hankali.

"Nata ya fi nawa rashin nauyi," in ji ta. "Zauna ka faɗa min dalili."

Na gyara zama a tabarma, na fara bayanin batir.