Ranar da Wayar Ardo Ta Shigo Gari

Na daɗe ina sayen shanu a hannun wani Ardo da rugarsu ke bayan Zungeru. A rugar babu sabis. Sai an hau wani dutse a gefen hanya waya take kamawa. Da wannan nake sanin labari tun kafin a faɗa mini. Duk ranar da na buɗe manhajar hira na ga an rubuta a ƙarƙashin sunansa cewa yana kan layi, to ya hau dutse, kuma dattijo mai ciwon gwiwa ba shan iska ke kai shi can ba. Akwai abin sayarwa ke nan.

Wata shekara wani Alhaji mutumin Bida zai aurar da ɗansa, na yi masa alkawarin bijimai biyu da Ardo ya ce zai ajiye mini. Ranar Talata da hantsi sai ga Ardo kan layi. Na tura masa murya, na gaishe shi, na ce gobe zan zo da mota. Alamar saƙon ta koma shuɗiya, an saurara ke nan. Shiru. Na sake turawa, aka sake saurara. Awa guda cur yana kan layi bai ce mini uffan ba.

Akwai wani dillali daga Garatu da ya jima yana zagayen rugar nan. Na ce shi ke nan, da shi ake ciniki. Muryata ta bakwai babu ko sallama a cikinta. Na ce, "Ardo, in ka sami wanda ya fi ni, ka faɗa mini a fuska!" Na rufe rumfata da ke kasuwar Minna na hau babur.

Na iske Ardo a gindin ɗorawa yana tufka igiya, ga bijimaina biyu suna tuƙa a bayansa.

"Alhaji, lafiya? Ko an koro ka daga Minna ne?"

"Ina wayarka?"

"Ta tafi caji."

Ashe duk Talata matan rugar ke haɗa wayoyin gida cikin ƙullin zane, su taho da su gari tare da ƙoren nono, a yi musu caji. Uwargidansa ce ta kunna tasa don ta ji saƙon 'yarta. Inda take zama da nononta kuwa, tsakaninsa da rumfata bai fi taku talatin ba.

"To me ya hana ta amsa mini?"

Ya dube ni kamar na ce saniya ta yi ƙwai. "Ta sa baki a cinikin shanuna? Kai dai Bahaushe, ga wayo kamar zomo, ga gaggawa kamar zawo."

Washegari aka loda mini bijimai, Alhajin Bida ya yi bikinsa lafiya. Ardo bai taɓa jin muryar nan ta bakwai ba, uwargida ta goge ta tun a kasuwa. Sai dai ta riga ta kunna wa 'yan uwanta masu nono. Har yau in na ratsa layinsu, sai wata ta ɗaga ludayi ta ce, "Alhaji, nonon nan ya yi tsami ko bai yi ba? Ka faɗa mini a fuska!"

Saye nake yi in wuce.