Abin da Kwamfutar Biro ta Riƙe

A bironmu na Tasawa kwamfuta ɗaya muke amfani da ita. Da muka daɗe da matata ba haihuwa, a kanta nake binciken maganin rashin haihuwar maza idan kowa ya tashi.

Wata rana Hajiya, sakatariyarmu, ta tsayar da ni a bakin ƙofa, ta ce, "Malam, tambayoyinka na fitowa ga duk wanda ya zauna. Na goge su."

Na kasa ɗaga kai. Ta ba ni wata manhajar bincike ta kyauta, wadda kowa ke iya duba yadda aka gina ta, ba ta ajiye komai. Na koma kanta, amma na daɗe ina jin nauyin gaisawa da abokan aikina, don ban san wa ya gani ba.